Keke Na Goma

4 ga Fabrairu

Zuwa ga Innata,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da shago da matan shago baki ɗaya. Yaya idon? Kin koma wurin likitan, ko kina nan kan bakanki na sai aiki ya lafa? Inna, tun ina 'yar firamare aikin nan bai taɓa lafawa ba. Ni lafiyata ƙalau, sai sanyin garin nan da muka ƙi jinin juna. Rigar ulun da kika ɗinka min ce ke riƙe da ni.

Kin san aikin da nake yi a gefen karatuna. A ɗakin ƙasa na laburaren jami'a nake tsara tsofaffin takardun 'yan gwagwarmaya, waɗanda aka jibge a kwalaye shekara da shekaru ba mai buɗewa. Akwai na 'yan ƙwadago, akwai na mata masu neman 'yancinsu, akwai na waɗanda ake kira 'yan anakiyanci, wato masu cewa mutane za su iya tafiyar da al'amuransu ba tare da wani shugaba a kansu ba. Sai an sa safar hannu ake taɓa su. Yawanci maza ne suka rubuta, kuma sai su ci shafi ɗari kafin su kai ga magana ɗaya.

Ran Talata na buɗe wani kwali, sai ga wata 'yar jarida mai shafi biyu, bugun tafireta, da harshenmu. Sunanta Ɗaga Ƙafa. Babu sunan marubuci, a ƙasa kawai aka sa: "Matan kamfanin ɗinki. Ba shugaba, ba sakatare." Fitowa shida ce, duk a shekarar da aka haife ni, kuma kamfanin da kuka yi aiki ne, ke da yayarki, marigayiya Ummata. Ji abin da ke shafin farko:

"Mazan ƙungiyar ƙwadago sun ce mu bari a gama babbar magana tukuna, sannan a zo kan ƙananan maganganun mata. Babbar maganar ita ce wa zai hau kujera. Ƙaramar ita ce mace ɗari uku, makullin banɗaki ɗaya, a aljihun namiji. Mafitsara ba ta san manaja ba."

Inna, sai da na zauna a ƙasa. Sau nawa kika ce min, in ina matse ƙafa don tsoron tambayar malami izini, mafitsara ba ta san malami ba? Ke ce, ko? Shekara nawa ina bin littattafan mutanen nesa ina neman mai magana irin wannan, ashe ita ke yi min kitso. Ga kwafin fitowa ta ɗaya da ta biyu na saka miki.

Taki,
Takwara

23 ga Fabrairu

Takwara,

Na samu takardarki, na ji kina lafiya, na gode wa Allah. Ki riƙa rufe ƙirjinki, kin san na gidanmu ba ƙwari gare shi ba. Mu ma muna lafiya. Ido yana nan yadda kika bar shi, sai abin da ya ƙaru. Yanar ta rufe na hagu, na dama kuma inuwar mutum yake gani, ba fuska ba. Likita ya ce aiki za a yi, in kwanta sati uku. Na ce masa ya zo ya zauna min a shago sati ukun, sai in je.

Saboda haka yanzu Uwar Biyu ce idona. Kin tuna ta, doguwar nan mai haɗa kwala, wadda mijinta ya faɗo daga gini. Ita ke karanta min takarda, ita ke rubuta min, wannan ma hannunta ne. Tunda ba zan bar kekuna goma sha biyu in shiga ɗaki da ita ba, a tsakiyar shago ta karanta min taki, da ƙarfi, don ƙarar kekuna. Ta kai wurin mafitsara sai na ji shagon ya ɗauki dariya. Ɗaya daga cikinsu, Mai Maɓalli, har da cewa, "Inna, to namu makullin fa?" Na ce yana inda yake, a aljihuna, mai so ta zo ta tambaya kamar kullum.

Ke kuma na tura ki karatu don ki zama mutum, ashe shara kika je tonawa da safar hannu. Mu da muka ga takardun nan da ɗanyen tawada, gyaɗa muka ƙunsa a ciki. Ban san wadda ta rubuta ba. Mata ɗari uku ne a kamfanin, kowace da bakinta, magana kuma yawo take yi, kowa na iya tsinta. Yarinta ce da zafin kai, ba abin da ta haifar sai wahala. Mun samu kwangilar kayan makaranta, riga dubu huɗu, kuma ɗan kwangilar ba ya jin haƙuri. Abin da ke gabana ke nan, ba takardar da asu ya ci ba. Ki mai da hankali ki gama ki dawo.

Amma tunda kin riga kin fara, ki aiko da sauran fitowa huɗun in ji.

Innarki

12 ga Maris

Innata,

Gaisuwa da fatan kina lafiya. Maganar ido ba zan bari ba, sati uku ba zai kashe shago ba. Ki gaishe min da Uwar Biyu, ki ce na gode da aron hannu, rubutunta ya fi nawa kyau.

Na san ki, Inna. Kin yi shafi guda kina faɗa, sai a layin ƙarshe kika faɗi abin da ke ranki. Na karanta layin nan ya fi sau goma. Zolayar da kika yi wa Mai Maɓalli kan makulli ma ta ba ni dariya, har yanzu bakinki bai mutu ba. Ga sauran huɗun nan cif.

Ta uku ce ta fi tsaya min a rai. Malamata ta ce a duk kwalayen nan ba ta ga inda aka bayyana yajin aiki marar jagora a sauƙaƙe haka ba:

"In muka naɗa shugaba, mun nuna musu wuyan da za su yanka, ko aljihun da za su cika. Don haka ba shugaba. Kowace mace ta ajiye jan zare a aljihun tebur. Wadda abin ya ishe ta, ta ɗora shi a kan kekenta, kada ta ce komai. Wadda ta gani, in ita ma ya ishe ta, ta ɗora nata. In layi ya yi ja daga ƙofa zuwa taga, kowa ta ɗaga ƙafa daga feda. Kada a yi ihu, kada a fita. A zauna hannu a cinya. In ya tambayi wa ya fara, gaskiya za mu faɗa: ba mu sani ba."

Sannan abubuwa ukun da kuka nema: makulli ya koma kan ƙusa, mai shayarwa ta samu rabin awa, a daina kulle ƙofar fita lokacin aiki. Mazan can sun rubuta manyan littattafai kan yadda za a rusa gwamnati, ku kuma ƙusa ɗaya kuka nema, kuma a ganina kun fi su sanin inda mulki yake zaune.

Tambaya biyu gare ni. Ta farko, kin yarda in sa sunanki a kundin digirina? Shekara talatin ba suna ya isa. Ta biyu, me ya sa ta tsaya a fitowa ta shida? Ta shidan ta ƙare da cewa ran Litinin za a ɗaga ƙafa yini guda. Me ya faru ran Litinin ɗin? Umma tana ciki?

Taki,
Takwara

9 ga Mayu

Inna,

Lafiya kuwa? Wata biyu ke nan ba amsa. Kullum sai na leƙa akwatin wasiƙa sau biyu, mai gadin gidan har ya fara yi min kallon tausayi. In idon ne, ki sa a rubuto min ko layi ɗaya ne. In kuma maganar suna ce ta ɓata miki rai, na janye, ba zan sa ba. Ke kika ce in aiko da sauran, shi ya sa na saki jiki. Ki yafe min in na zaƙe.

Takwara

28 ga Mayu

Takwara,

Muna lafiya, in ana kiran wannan lafiya. Ba ciwo ne ya hana ni amsa ba. Na zaunar da Uwar Biyu a gabana, na ce ta rubuta duk abin da ya fito daga bakina, har zaginta, kada ta rage ko ta ƙara. In ta sake cin amanata, ita da Allah.

Ban ce ki aiko da komai ba. Layin nan da kika karanta sau goma, ita ta ƙara shi da hannunta bayan na gama. Da takardarki ta Maris ta zo, gaisuwa da maganar ido kawai ta karanta min, ta ninke sauran ta sa a jaka. A bayan shago suka riƙa karantawa lokacin cin abinci, shafi-shafi, ni ina ciki ina lalube. Sai da abin ya faru ta amsa laifinta, ta karanta min duka.

Wata Laraba da hantsi ina zaune a teburina, sai na ji shiru. Keke goma sha biyu sun tsaya lokaci ɗaya. Na ɗauka wuta aka ɗauke, sai na ji fanka tana juyawa. Na tashi na lallaba keke na farko, hannuna ya taɓa zare a sama inda ba a sa zare. Ba sai an faɗa min launinsa ba. Ni na ƙirƙiro abin nan, Takwara, ni na buga shi da yatsu biyu a tafiretar wani akawu, ga shi an yi min shi a shagona ban ma gani ba. To kin ji amsar tambayarki ta farko. Ni ce. Ki sa a kundin, ki sa har da wannan.

Na ce wa ya fara? Suka ce, "Inna, ba mu sani ba." Da kalmomina suka amsa min. Ranar minti goma suka yi. Yanzu awa biyu suke yi kullum. Makulli suke so a kan ƙusa, da rabin awa ga masu goyo, da ƙofa a buɗe. Ko sabon abu ɗaya ba su iya ƙirƙirowa ba.

Za ki ce in ba su mana. Ke ba ki taɓa riƙe shago ba. Kafin in fara kulle ƙofa, yadi nawa ya bi ta cikinta? Ɗan kwangila yana da shaguna biyar da ke jiran in yi tuntuɓe. Ni makauniya ce a cikin mata goma sha biyu masu ido, makullin nan kaɗai ya rage da ke sa a zo gabana a tambaye ni wani abu. In na rataye shi yau, gobe wa zai san ina wurin?

Yanzu tambayarki ta biyu, tunda kin iya tono. Ran Litinin ɗin mun ɗaga ƙafa, mu ɗari uku, yini guda ya wuce ba mu sauke ba. Kwana uku manaja yana neman shugaba bai samu ba, muna ta murna, mun ga takarda ta yi aiki. Ran Alhamis ya shigo da rula a hannu. Bai tambayi kowa komai ba. Ya fara daga ƙofa, yana buga kowane keke yana ƙirgawa da ƙarfi. Duk wadda goma ta faɗa kanta, ta ɗauki jakarta. Mace talatin ya kora a awa ɗaya. Abin da ban rubuta ba ke nan, don ban yi tunaninsa ba: in ba su samu kai ba, duk inda wuƙa ta faɗa yanka suke yi.

Yaya ce a keke na goma, da cikinki wata bakwai. Ni ce a na goma sha ɗaya. Ita ba ruwanta da rubutu, ta ɗaga ƙafa ne don ƙanwarta ta ce a ɗaga. Da rular ta sauka a kekenta, bakina ya buɗe, ba abin da ya fito. Ta tashi da ƙyar. Da za ta wuce ta gabana sai ta ɗora dunduniyarta a kan ƙafata ta danna, ta danna, sai da farcen babban yatsana ya tsage. Ba ta dube ni ba. Mu ɗari biyu da saba'in muka mai da ƙafa kan feda kafin ta kai ƙofa.

An aika sunayensu duk kamfanonin garin, ba wanda ya sake ɗaukarta. Babanki ya tafi da motar da yake tuƙawa bai dawo ba. Wankau ta koma yi a gidajen mutane, hannu cikin ruwan sanyi shekara shida, har ƙirjin ya tafi da ita. Ni kuwa bayan shekara biyu aka ba ni aikin duba layi, aka miƙo min makulli, na karɓa. Ba mu taɓa ta da maganar ba, ko sau ɗaya. Da aka haife ki ta sa miki sunana, don kullum in ta kira ki in ji. Na ji kuwa. Farcen nan har yau a karkace yake fitowa.

Ɗan kwangila ya zo jiya. Ya ce in kori ɗaya, sauran za su shiga hankalinsu, in ba haka ba ranar ashirin ga watan gobe zai kwashe yadinsa. Na ce ban san wadda ta fara ba. Ya ce, "To ki ƙirga mana." Wallahi haka ya ce, kuma bai san komai ba.

Ke da kika karanta kwalaye da safar hannu, gaya min abin da suka ce a yi. Ina jiranki zuwa ranar ashirin.

Innarki

Ƙanwata, ni ce Uwar Biyu, wannan layin nawa ne kuma na faɗa wa Inna zan sa. Na yi miki ƙarya da sunanta, ki yafe ni, amma ban yi nadama ba. Akwai mai ciki a cikinmu, sau shida take zuwa tambayar makulli a yini, a gaban kowa. Ba mu san labarin mahaifiyarki ba sai yau. In aka fara ƙirga daga ƙofa, ni ce ta goma. Inna ta sani.

17 ga Yuni

Innata,

Ina gaishe ki, ina fatan kina lafiya. Na san na makara, Allah ya sa takardar nan ta riga ranar ashirin, na biya kuɗin gaggawa. Uwar Biyu, don Allah ki karanta mata duka, kada ki tsallake ko kalma.

Ba zan ɓoye miki ba, takardarki ta iso tun ranar biyar ga wata. Kwana goma na yi ba na son jin sunanki, wanda kuma nawa ne. Na rubuta miki amsa biyu na yaga, gara da ba ki ji su ba. Na tuna hannun Umma, yadda yake a tsattsage, in ta shafa min fuska sai ya kama kamar buhu. Na tuna ke kika biya min makaranta da makullin nan a aljihunki. Na rasa wadda zan tsana, ke ko ni. Na kasa taɓa kwalin Ɗaga Ƙafa, na roƙi a canza min aiki, aka mai da ni kan takardun ƙungiyar ƙwadago ta maza.

A can na same ta jiya, a cikin fayil ɗin sakatarensu, tsakanin takardun taro. Shafi ɗaya ne da aka yago daga littafin makaranta, rubutun fensir, manyan baƙaƙe. A sama an sa: "Ɗaga Ƙafa, ta bakwai." Da alama ta kai masa ne ya taimaka a buga, tunda ba ta da tafireta. A gefe ya rubuta da jan biro: "Ba yanzu ba." Ya sa hannu, ya rufe fayil. Ga abin da ke ciki, ban canza komai ba:

"Ni ce ta keke na goma a layin farko. Ban iya rubutu sosai ba, ku yi haƙuri. Na ji ana zagin ta goma sha ɗaya a famfo, wai ta bar 'yar'uwarta ta tafi ta yi shiru. Ku daina. Na ga bakinta ya buɗe za ta ce ni ce. Ni na take mata ƙafa don ta rufe shi. In an kore mu mu biyu, wa zai ciyar da abin da ke cikina? Kuma ita ce mai kan rubutu, ana bukatarta a ciki. Ita ta gane, ba sai na faɗa mata ba. In mace na haifa sunanta zan sa. Takarda ba ta yi ƙarya ba, abu ɗaya ta manta. Mutum ɗaya ne da rula, mu ɗari uku muka zauna muna taya shi ƙirga a zuci, kowa na addu'a goma ta wuce ta. In aka sake ƙirga, ta goma ta tashi, kowa ta tashi."

Inna, kin ji? Shekara talatin kina ɗauke da zagin da ba a yi miki ba. Ba ta tsine miki ba, ajiye ki ta yi. Ta ɗauka kin gane, ke kin ɗauka kin gane, wani mutum kuma ya sa jan biro ya tafi cin abincin rana. Na yi kuka a ɗakin ƙasan nan har malamata ta sauko.

Kin tambaye ni abin da kwalaye suka ce a yi. Kwalaye ba su ce komai ba, Yayarki ce ta ce. Kada ki ƙirga. Ki rataye makullin, ki zauna da su ku je wa ɗan kwangila tare, ku goma sha uku. In ya kwashe yadinsa ya kwashe. Ba makulli ne ke sa a san kina wurin ba. Ga kwafin shafin na saka, na sa an ƙara girmansa ninki huɗu ko idonki na dama zai kama hannunta. Shi ya sa ambulan ya yi kauri.

'Yarki kuma takwararki

25 ga Yuni

Takwara,

Da hannuna nake rubutawa. In layi ya hau layi ki yi haƙuri, ba na ganin inda biro yake sauka. Ina lafiya.

Na jira ki har ranar ashirin. Kullum ina tambaya ko mai kawo wasiƙa ya zo. Da na ji shiru na ce to, ta yanke hukunci, kuma tana da gaskiya. Wadda ta kashe uwa ba a ba ta shawara.

Na ƙirga. Ba ni da rula, da tafin hannu na bi su. Zan iya farawa daga taga, na sani. Daga ƙofa na fara. Na kai goma, kan Uwar Biyu, na ce ta ɗauki jakarta. Ta ce, "To, Inna." Na janye ƙafata ƙarƙashin tebur ina jira. Ba ta taka ni ba. Sai na ji kujera ta motsa, sai wata, sai wata. Duk sha ɗayan suka tashi, har mai cikin. Wannan ba ya cikin abin da na rubuta, ban san inda suka samo shi ba. Mu ɗari uku ba mu yi ba. Suka tsaya a bakin ƙofa don a kulle take, sai da na lallaba na buɗe musu da kaina.

Ɗan kwangila ya kwashe yadinsa ran Asabar. Na buga ƙusa a jikin bango, na bugi yatsana sau biyu. Makulli yana rataye. Ba mai ɗauka.

Takardarki ta zo shekaranjiya. Na auna ta a hannu, ba ki taɓa aiko mai kauri haka ba. Na san abin da ke ciki. Maƙwabcina mai gyaran rediyo ya ce zai karanta min, na ce a'a. Ba zan zauna baƙo ya karanta min zagin 'yar Yaya ba, kuma wadda za ta karanta min a hankali na kore ta.

Ga ta nan na mayar miki a rufe yadda ta zo. Kada ki sake aikowa. Ki gama karatunki, ki rufe ƙirjinki. Abin da Yaya ta faɗa min da ƙafarta ya ishe ni, ba sai 'yarta ta maimaita min da biro ba.

Innarki